Kowa Da Tambayarsa: Hailar 'Yata Ta Ƙi Daidaita

Tambaya: Assalamu alaikum. 'Yata mai shekara 12 ta fara al'ada wata huɗu da suka wuce. Wani watan ba ta gani, in kuma ya zo sai ya yi kwana tara, har tana jin jiri. Kakarta ta ce tunda bai kai kwana goma sha biyar ba, babu komai. Kuma an ce a kai ta rigakafi. Ina mafita?
Wata uwa daga Mabera, Sakkwato

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Tsallaken wata a shekara biyun farko abu ne da aka saba gani, domin ƙwan mahaifa bai fara fita a kan lokaci ba. Tazarar kwana 21 zuwa 45 tsakanin haila da haila duk lafiya ce a wannan shekarun.

Kwana taran nan da jirin su ne abin dubawa. Kwana goma sha biyar da Kaka ta ambata hukuncin sallah ne a mazhabar Malikiyya ga wadda ta fara, kuma ta yi gaskiya. A asibiti kuwa, jinin da ya wuce kwana bakwai, ko ya jiƙe auduga cikin awa ɗaya ko biyu, ya yi yawa. Ki kai ta asibitin unguwa ko na Maryam Abacha a auna jininta, gwajin da ake kira PCV. Ki faɗa wa likita idan tana yawan haɓo ko dasashinta na zubar da jini, don wasu yaran jininsu ne ba ya daskarewa da wuri. Kada a ba ta aspirin, yana ƙara zubar. In an rubuta mata ƙwayar ƙarin jini, ta ci gaba da sha kamar wata uku ko da ta ji sauƙi, kuma ba tare da shayi ba, yana hana jiki ɗaukar maganin. Hanta, wake da zogale su yawaita a abincinta.

Ku riƙa rubuta ranar farawa da ta ɗaukewa a takarda, ki je da ita. In yarinyar na jin nauyinki, ki ɗan bar ta ita da ma'aikaciyar lafiya su kaɗai.

Rigakafin kuwa na HPV ne, mai kariya daga sankarar bakin mahaifa. Najeriya ta fara shi a 2023 ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14: allura ɗaya a dantse, kyauta. Ba ya hana haihuwa, kuma ana iya yi mata ko tana cikin haila.