Bututu ya fashe ina Kano, kamfanin inshora ya biya kaɗan ya noƙe: me dokar Teksas ta ce?

Tambaya

Assalamu alaikum Barista. Ina zaune da iyalina a gefen birnin Dalas, jihar Teksas, a gidan da nake biya ta banki. Ƙarshen Disamba muka tafi Kano bikin ƙanwata, muka yi mako biyar. Kafin mu fita na bar hita, wato na'urar ɗumama gida, a kunne. Muna can aka yi sanyi mai tsanani, wuta ta ɗauke a unguwarmu kusan kwana biyu, bututun ruwan da ke saman silin ya daskare ya fashe. Sai da maƙwabcina ya ga ruwa na fitowa ta ƙofar gareji sannan ya kira ni, ya rufe ruwan daga mita. Silin falo ya rufto, katakon daɓe ya kumbura, kabad ɗin kicin duk sun lalace. Ɗan kwangilar da na kira ya ce gyaran zai ci dala 48,000. Kamfanin inshora ya aiko min da cakin dala 9,200 haɗe da wasiƙa, wai ɓarnar kicin da ta daɓe tsohon yoyo ne, kuma suna kan binciken ko na bar gidan da ɗumi. Shin in karɓi cakin? Ko in kai su kotu? Ɗan kwangilar kuma ya ce in bar masa komai, shi zai yi magana da kamfanin a madadina, har zai yafe min kason da ni ya kamata in biya daga aljihuna. Allah ya saka da alheri.

Amsa

Wa alaikumus salam Malam. Allah ya mayar da alheri, ya kiyaye gaba.

Wasiƙar da ke hannunka ba hukunci ba ce, matsayin ɓangare ɗaya ne a yarjejeniyar da ku biyu kuka ƙulla. A cikinta an cakuɗa rigima iri biyu, kuma sai ka raba su, don kowace da ƙofar da ake bi. Ta farko, shin inshorarka ta ɗauki irin wannan ɓarna tun asali? Nan maganar hita take. Ta biyu, in ta ɗauka, nawa ne kuɗin, kuma wane ɓangare na ɓarnar ne wannan fashewar ta jawo? Nan maganar tsohon yoyo take, da ratar da ke tsakanin 9,200 da 48,000.

Bari in sallami maganar caki, don ita ce mai sauƙi. Juya shi gaba da baya, ka karanta duk takardar da ta zo da shi. Muddin babu inda aka rubuta cewa wannan ne cikakken biya na ƙarshe, kuma ba a ce ka sa hannu a takardar yafe sauran haƙƙinka ba, to karɓarsa ba ta rufe maka ƙofar neman sauran. Babi na 541 na dokar inshora ta Teksas ma ya hana kamfani ɗaure mutum da takardar yafewa alhali wani kaso kawai ya biya, sai fa in sulhu aka yi da gangan a kan abin da ake jayayya. Ka karɓa, ka aika musu da imel cewa ka karɓe shi a matsayin biyan wani ɓangare. Kada ka yi mamaki in ka ga sunan bankin da ya ba ka bashin gida a jikin cakin. Haka tsarin yake, sai sun sa hannu su ma, kuma sukan saki kuɗin ne kashi-kashi yayin da gyara ke tafiya.

Maganar hita ita ce ta fi ba ni damuwa, domin in kamfanin ya yi nasara a kanta, ba kicin kaɗai za ka rasa ba. Yawancin takardun inshorar gida a Amurka suna cire ɓarnar da daskarewar bututu ta jawo, sannan su dawo da ita bisa sharaɗi: in mai gida ya yi bakin ƙoƙarin da ya dace wajen barin gidan da ɗumi, ko kuma ya rufe ruwan ya tsiyaye bututun gaba ɗaya. A wasu takardun sharaɗin na aiki kullum, a wasu kuma sai lokacin da babu kowa a gidan. Kai da ka yi mako biyar ba ka nan, ko wace iri ce taka, zai hau kanka. Amma ka lura da abin da aka nema daga gare ka: bakin ƙoƙari. Ba a ce sai ka ba da tabbacin cewa wuta ba za ta ɗauke ba. Ko hitar gas ce, fankarta da ma'aunin da ke kunna ta da lantarki suke aiki, wuta na ɗaukewa ta tsaya. Wannan shi ne ainihin abin da ya faru da ɗimbin gidaje a Fabrairun 2021, lokacin guguwar sanyi ta Uri, da gidaje fiye da miliyan 4 suka rasa wuta a Teksas, hukumomin lafiya na jihar kuma suka ƙirga mutum 246 da suka rasu. Gidajen nan ba a gina su don irin wannan sanyi ba, bututu a saman silin yake, inda ɗumin ɗaki ba ya kaiwa sosai.

Sai dai faɗa da baki cewa ka bar hita a kunne ba zai wadatar ba. A dokar Teksas kamfani ne ke da nauyin tabbatar da cewa ɓarna ta faɗa cikin abin da aka cire, amma da zarar ya nuna daskarewa ce, nauyin nuna cewa ka cika sharaɗin ɗumi yakan dawo kanka. Don haka tun yau ka tara shaida. Bil ɗin wuta da na gas na Disamba da Janairu. Bayanan mitarka daga shafin Smart Meter Texas, wanda ke nuna wutar da gida ya sha duk minti 15. A nan za a ga hitar tana tashi tana kwanciya har zuwa sa'ar da wuta ta ɗauke, a ga layin ya faɗi ƙasa. In ma'aunin ɗumin gidanka irin mai haɗe da waya ne, sauke tarihinsa da wuri kafin ya goge. Nemi takardar da ke tabbatar da ɗaukewar wuta a adireshinka daga kamfanin da ke kula da layukan wutar yankinku. Maƙwabcin nan naka ya rubuta abin da ya gani, da rana da lokaci, ya sa hannu. Tikitin jirginku ma shaida ne, don wasu takardun suna da wani sharaɗin dabam kan gidan da aka bari fayau fiye da kwana 60, kai kuwa ba ka kai ba, kayanka kuma suna ciki.

Wata rana za su iya kiranka su yi maka tambayoyi bisa rantsuwa. Takardar inshora ta ba su wannan dama, ƙin zuwa kuma na iya kashe da'awar. Ka je da lauya, ka faɗi abin da ka sani kawai. In ba ka tuna lambar da ka sa ma'aunin a kai ba, ka ce ba ka tuna ba. Cika baki da ƙiyasi ya fi ɓata irin wannan shari'a fiye da ƙarancin shaida.

Tsohon yoyo kuwa, zance ne da ake yawan ji, wani lokacin gaskiya ne, wani lokacin kuma ragwancin mai duba ɓarna ne da ya shigo ya yi minti ashirin ya fita. Inshora tana biyan fashewa ta farat ɗaya, ba ta biyan ɗigon da ya yi makonni ko watanni yana cin katako. A nan dokar Teksas tana da tsauri a kan mai gida: in ɓarnar da inshora ta ɗauka ta haɗu da wadda ba ta ɗauka ba, kai ne za ka kawo shaidar da za ta raba su, in ba haka ba kana iya rasa duka biyun. Saboda haka kada a zubar da guntun bututun da ya fashe. Tsagewar daskarewa daban take da cin tsatsa, kuma mai gyaran famfo mai lasisi zai iya rubuta haka. Kamfanin da ya busar da gidan yana da ma'aunin danshi na kowane ɗaki, karɓi kwafi. Bil ɗin ruwa na watannin baya, in ya nuna shan ruwa daidai wa daida sai kwatsam ya yi tsalle a Janairu, ya gama ba da labari. Tsofaffin hotunan kicin ma na da amfani, ko da na suna ne ko na walima da aka ɗauka mutane na tsaye gaban kabad ɗin.

Ka nemi abu uku daga kamfanin a rubuce: cikakken kwafin takardar inshorarka da duk ƙarin da aka liƙa mata, ƙiyasinsu layi-layi, da sakin layin da suka dogara da shi wajen ƙin biya. Doka ta wajabta musu ba da bayani mai ma'ana. In ƙiyasin ya zo, duba ko sun cire kuɗin tsufan kaya. In inshorarka ta mayar da sabo ce, wannan kuɗin riƙe shi aka yi, za ka karɓa bayan ka gama gyara ka kai rasit, cikin wa'adin da takardar ta sa. In gidan bai zaunu ba kun kama haya ko otal, wannan ma yawanci akwai sashensa, ka ajiye rasit.

Su ma akwai agogo a kansu. Babi na 542 na dokar inshorar ya ba kamfani kwana 15 ya amsa cewa ya samu da'awarka ya nemi takardun da yake so, sannan kwanakin aiki 15 bayan ka ba shi komai ya ce ya karɓa ko ya ƙi. Yana iya ƙara kwana 45 in ya faɗi dalili a rubuce. In ya amince zai biya, kwanakin aiki 5 gare shi. In hukumar inshora ta ayyana bala'in yanayi, ana ƙara musu kwana 15. Wanda ya wuce wa'adi a irin da'awarka, doka ta ɗora masa kuɗin ruwa da ba ya ƙasa da kashi 10 cikin ɗari a shekara. Na san wasu 'yan'uwa ba sa son taɓa wannan kuɗin. Yadda za ka yi da shi in ya zo, malamai za ka tambaya, amma kada ka cire shi daga lissafin da'awa tun farko, don shi ne ke sa kamfani ya ji jinkiri na ci masa.

In ka aika da shaidarka ka nemi a sake duba gidan suka yi biris, kai ƙorafi Hukumar Inshora ta Teksas. Kyauta ne, kuma dole kamfanin ya ba ta amsa. Amma ita ba kotu ba ce, ba za ta yanke cewa kicin ɗinka sabon ruwa ne ya ci shi ba. Akwai kuma masu kimanta asara masu zaman kansu da ke yi wa mai gida aiki, da lasisin jiha, kuma doka ta hana su karɓar fiye da kashi 10 cikin ɗari na abin da aka biya.

Hanyar da ta fi dacewa da rigimar kuɗi ita ce sashen da takardarka ta kira appraisal, wato kimanta kuɗin asara. Kai ka zaɓi mai kimantawa, kamfani ya zaɓi nasa, su biyun su zaɓi mai raba gardama, duk adadin da biyu cikin ukun suka sa wa hannu ya zauna. Kowa ya biya nasa, a raba kuɗin na ukun. A shari'ar State Farm Lloyds da Johnson ta 2009, Kotun Ƙolin Teksas ta yarda cewa masu kimantawa na iya raba sabuwar ɓarna da tsohuwa yayin sa kuɗi, don haka maganar yoyo za ta iya shiga nan. Maganar hita ba za ta shiga ba, wannan ta alƙali ce. Shi ya sa ba na son ka ruga can tun kamfanin bai janye batun ɗumi a rubuce ba, kada ka kashe kuɗi a sa adadi mai kyau, su ce ai dama ba su yarda inshorar ta ɗauka ba. Ka kuma sani cewa a 2024, a shari'ar Rodriguez da Safeco, kotun ta ce in kamfani ya biya abin da masu kimantawa suka yanke haɗe da kuɗin ruwan da doka ta sa, ba za a ɗora masa kuɗin lauyanka ba. Ma'ana lauyan daga kasonka zai ci.

Kotu tana nan, amma ba a faɗa mata kai tsaye. Tun 2017, babi na 542A ya wajabta aika wa kamfani sanarwa aƙalla kwana 61 kafin shigar da ƙara kan ɓarnar yanayi, a faɗi laifinsa, a faɗi takamaiman adadin da ake binsa. A nan mutane ke cutar kansu da zuzuta lamba. In abin da kotu ta ba ka ya kai kashi 80 cikin ɗari na abin da ka rubuta, kamfani zai biya kuɗin lauyanka duka. In bai kai kashi 20 ba, ko sisi ba zai biya ba. Tsakaninsu kuma gwargwado ne. Don haka 48,000 ɗin nan sai an tantance ta layi-layi kafin a sa ta a sanarwa. Ƙaramar kotun yanki ba ta wuce dala 20,000, taka ta fi ƙarfinta. Wa'adin shigar da ƙara kuma, yawancin takardun Teksas sun rage shi zuwa shekara 2 da kwana 1. Ƙorafi a hukuma ko musayar imel da kamfani ba sa tsayar da wannan lissafin. Don kauce wa gardama, ka ƙirga daga ranar da bututun ya fashe, ka ga lauya mai lasisin Teksas tun da sauran lokaci mai yawa.

Ɗan kwangilarka kuwa, abu biyun da ya yi maka tayi duk doka ta hana. A Teksas wanda zai yi gyaran ba shi da ikon tsayawa ya yi cinikin da'awa da kamfani a madadinka. Iyakarsa ya yi bayanin aikinsa da farashinsa. Yafe kason da mai gida ke biya kuma laifi ne ƙarƙashin dokar da ta fara aiki a Satumban 2019, kamfanin inshora ma na da damar neman shaidar cewa ka biya kafin ya saki kuɗin da ya riƙe. Yadda ake yin wannan yafiyar shi ne a kumbura takardar kuɗi, kuma sunanka ne a kan da'awar, ba nasa ba. Kada ka sa hannu a duk wata takarda da ke miƙa masa haƙƙin da'awarka. Nemi ƙiyasi na biyu daga wani ɗan kwangilar dabam, a rubuce, ɗaki-ɗaki, kafin a ɓamɓare ko katako ɗaya na kicin ɗin.