Kafin Baba ya sayar da gonar

Ka ce mini kana so ka ajiye sufana, wato aikin gyaran jirgi, ka koma tuƙin jirgi mai saukar ungulu, har mahaifinka ya fara maganar sayar da gonarsa, kuma kana tambaya ta ina ake farawa. To, ɗana, ka ce wa Baba ya dakata tukuna.

Da likita ake farawa. Akwai likitocin da hukumar NCAA mai kula da sufurin jiragen sama ta amince da su, su ke yin gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya: ido, kunne, zuciya, hawan jini, da ko kana bambance launuka. Mutum zai iya girma bai san ja da kore suna rikice masa ba sai a ɗakin nan. Kuɗin gwajin kaɗan ne a kan abin da ke gaba, don haka shi za ka fara biya. Sannan ka duba takardarka ta sakandare, a ga kiredit a Turanci da lissafi da fiziks. Turancin dole ne, da shi ake magana da hasumiyar filin jirgi.

Ka taso kana ganin jiragen kwalejin koyon tuƙin jirgin nan tamu ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, suna kewaya Palladan da Samaru. Masu fiffike ne, kuma awa ɗaya a cikinsu ba ta kai tsadar awa ɗaya a helikwafta ba. Kai da ke aiki da ni ka san dalili. Farfela, giya, sanduna, kowanne da adadin awannin da aka yanka masa; in sun cika a cire shi, ko da yana sheƙi. Ƙaramin Robinson R22 da makarantu da yawa ke koyarwa da shi, duk awa 2,200 ko shekara 12 sai an warware shi an sabunta. Da dala ake sayen kayan, kuma ɗalibi ne ke biya.

Lasisin aikin tuƙi na neman awa 150 a sama bisa ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ana rage shi zuwa 100 in a makarantar da aka amince da tsarinta ne. A nan mutane ke faɗawa rami. Su tara rabin kuɗi su tafi Afirka ta Kudu ko Amurka, su ce sauran Allah zai kawo. Kuɗi ya ƙare, a dawo gida wata shida. Alhali tsayar da jirgin nan cak a iska aikin hannu biyu da ƙafa biyu ne a lokaci guda, in ka bar shi ya huce sai ka sake biyan awannin da ka riga ka biya. In kuɗin bai kai ka ƙarshe ba, kada ka fara.

Da ni ne da shekarunka, makarantar sojoji ta NDA a Kaduna zan fara gwadawa. Sojan sama na horar da matuƙan helikwafta a Inugu, gwamnati ke biya, amma fa soja za ka zama, inda aka tura ka nan za ka. Kamfanonin da ke jigilar ma'aikatan mai, irin su Bristow da Caverton, sukan ɗauki matasa su horar, da sharaɗin ka yi musu aiki na wasu shekaru. Ba kullum ƙofar ke buɗewa ba, ka kasa kunne. Tallafin gwamnatin jiha ma kan zo. Kano ta taɓa tura matasa 100 Jodan koyon tuƙin jirgi a zamanin Kwankwaso. In ka samu irinsa, ka tambaya tun farko: ya haɗa da horo a kan samfurin jirgin da ake ɗaukar aiki da shi?

Domin aikin yana Legas da Fatakwal, a kan teku, da jirage masu inji biyu irin S-76 da AW139. Suna son wanda ya iya tuƙi da na'ura kawai in hazo ya rufe, kuma a wurin horo za a kifar da kai cikin ruwa a ga ko za ka fita. Ka iya iyo kuwa? Wankan Kubanni ba ya cikin lissafi.

Kafin nan, kada ka saki sufanar. Ka kammala lasisinka na injiniya, albashinsa ya tara maka awanni, kuma masu ɗaukar matuƙa su san fuskarka tun daga rumfar gyara. Litinin ka zo da takardarka mu duba, in nuna maka yadda ake neman ganin likitan.