Zakaru sun yi mini yawa, in kai su kasuwa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ina kiwon kajin gida a wani ƙauye kusa da Wudil. 'Yan tsakin da aka ƙyanƙyashe mini da damina sun girma, yanzu ina da zakaru 11, mata kuwa 14 kacal. Kullum faɗa, har an tsone wa ɗaya ido, matan kuma bayansu duk ya fige. Maigida ya ce a kai su kasuwar Juma'a, amma bara na ga yadda aka rataye na maƙwabciyata a babur, biyu suka mutu kafin a isa. Yaya zan yi ban cuce su ba?

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Maigida ya yi gaskiya, a sayar. Kusan rabin duk abin da kaza ta ƙyanƙyashe maza ne, alhali zakara ɗaya ya ishi mata 8 zuwa 10. Ki zaɓi biyu mafiya girma da kuzari ki bari, sauran 9 su tafi. Figewar bayan nan da kike gani yawan taka su ne, kuma kazar da ake bi da gudu wuni guda ba ta samun sukunin ci, balle ta yi ƙwai yadda ya kamata. Barinsu a haka ba tausayi ba ne. Kuma ki sa a ranki cewa yawancinsu tukunya za su, don ba kasafai ake zuwa kasuwa neman zakaran iri ba.

Abin da ya kashe na maƙwabciyarki shi ne ratayar. Kaza ba ta da shamakin nan da ke raba ƙirji da ciki irin na mutum ko akuya, saboda haka da an juya ta kai ƙasa, kayan cikinta sai su danne inda take numfashi. Ga shi ba ta gumi, zafin jikinta kuma ya kai kusan digiri 41 ko da lafiyarta lau. Hanyar da take rage zafi ita ce ta buɗe baki tana haki, ta ɗaga fikafikai. To ki duba zakaran da aka ɗaure wa ƙafa da leda, aka haɗa shi da 'yan'uwansa biyar, kansa na lilo dab da salansar babur da rana tsaka. Ta ina zai sha iska? Na sha ganin irinsu an sauke, zanko ya yi baƙi-baƙi, ƙafa ta kumbura inda ledar ta ci, dillali ya ɗaga ya ce "wannan ai ya kusa", ya yanke kuɗin kusan rabi. Ko don aljihunki ma, ratayar asara ce.

Ki kama su da daddare a akurki, lokacin ba sa guje-guje. Ki sa su a kwando ko keji mai shan iska, da ɗan ƙaiƙayi ko ciyawa a ƙasa, kowanne ya samu wurin kwanciya ba a kan ɗan'uwansa ba. Guda 9 ɗin nan kwando biyu ne. Wanda aka ji wa ciwo a ido a ware shi, ni da zan ba da shawara ma a yanka shi a gida yara su sha romo. Ruwa kada ya yanke musu har lokacin tashi, amma kada a ɗura musu dusa ko tsaba da safe wai don su yi nauyi a hannu. Dillalai sun san wannan dabara, suna taɓa wuya su gane, kuma cikakken ciki da zafi ba sa haɗuwa. A fita da sassafe, a nemi inuwa, a tafi da ɗan kwanon ruwa.

Sai maganar da ta fi damuna: wanda bai sayu ba. A kasuwa kaji daga ƙauyuka da dama ke haɗuwa, wasu kuma an kawo su ne don mai su ya ga sun fara gyangyaɗi yana so ya rabu da su. Cutar nan ta Niyukasil, mai sa kaza zawo kore da murɗewar wuya, ta fi tashi da hunturu, kuma tana iya share akurki cikin 'yan kwanaki. Murar tsuntsaye ma, tun da ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006, kasuwannin kaji na cikin hanyoyin da take bi. Don haka ki gaya wa wanda zai kai su mafi ƙarancin kuɗin da za ki yarda da shi, in an taya kusa da haka ya sallama, kada ya tsaya yana ta "albarka" har la'asar ya dawo miki da uku. In dole ta sa an dawo da wani, a killace shi nesa da sauran na mako biyu zuwa uku, da kwanon ruwansa daban, a wanke kwandon da sabulu a shanya a rana. Waɗanda kika bari a gida kuma a yi musu rigakafin Niyukasil; cibiyar binciken dabbobi ta Vom, a jihar Filato, tana yin wani mai suna I-2 da ake ɗigawa a ido, ya fi jure zafi, ki tambayi malamin dabbobi na ƙaramar hukumarku.

Kafin ranar kasuwar ma, ki fara cigiya a unguwa. Mai gidan abinci, mai shirin suna, ko dillalin da ke yawo gida-gida, duk za su iya ɗauka a ƙofar gida. Kuɗin zai iya gaza na kasuwa kaɗan, amma babu kuɗin babur, babu la'ada. Da a ce Sallah ko Kirsimeti saura mako biyu ne, sai in ce ki raba su da matan ki ɗan jira farashi ya ɗaga. In kuwa da sauran watanni, hatsin da za su ci ya fi ribar da kike hange, a kai su wannan Juma'ar.