Filin Tambayoyin Mota: In ɗaga Hilux ɗina inci huɗu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da Toyota Hilux ƙirar 2012, mai ƙofa huɗu, mai jan ƙafa huɗu. Daga Nguru nake kai kaya kasuwannin ƙauye wajen Machina da Yusufari, in dawo da gero da riɗi. Da rani yashi, da damina taɓo. Yanzu in na yi lodi sai bayanta ya zauna, cikinta ya riƙa taɓa ƙasa a wuraren da a da take wucewa lafiya. Wani bakanike ya ce zai sa mini ƙarfen ƙari a saman sifirin gaba, ya sa dogayen maratayi a baya, ta tashi inci huɗu, kuma da araha. Tayata 265/70 R16 ce. In yi? Daga mai karatu a Nguru, jihar Yobe.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a nema. Kada ka yi inci huɗun nan. Inci biyu, wato kamar milimita 50, shi ne iyakar abin da zan yarje maka a wannan mota, kuma ba da ƙarfen ƙari ba.

Ka riga ka faɗi ciwon da bakinka: a da tana wucewa, yanzu ba ta wucewa. Ashe motar ba gajera aka ƙera ta ba, sifirin bayanta ne ya gaji. Ka leƙa ƙarƙashinta ba lodi. Ganyen sifiri mai lafiya yana da ɗan lanƙwasa; in ka ga ya miƙe ɗoɗar, ko ɗaya ya karye, ko robar da ke tare aksul ta sha duka har ta tsage, to ka ga inda tsayinka ya tafi. Dogon marataye zai ɗaga bodin, amma ganyen da ya mutu yana nan a mace, ranar da ka ɗora buhuna zai sake kwanciya, har ya fi saurin karyewa.

Gaban motar ne ya fi damuna. Hilux na 2005 zuwa 2015 ba doguwar aksul guda gare ta a gaba ba. Kowace taya tana da hannuwanta biyu, na sama da na ƙasa, da sifiri mai murɗi wanda shokazoba ke cikinsa, sannan ɗan gajeren shaf yana kai mata ƙarfi daga tsakiya. An ƙera shaf ɗin ne ya yi aiki kusan a kwance. Duk incin da ka ɗaga, ƙara karkata shi kake yi. A inci biyu yana jurewa. Daga nan zuwa sama sai robar da ke riƙe masa giris ta fara tsagewa, yashin Yusufari ya shiga, ka soma jin ƙas-ƙas-ƙas in ka murɗa sitiyari. Boljoyin na sama, mahaɗin da ke haɗa taya da hannun sama, shi ma yana kaiwa ƙarshen motsinsa, kuma in ya fita kana gudu, tayar ce ke kwantawa. Ga wani abin da ba a cika faɗa ba: motar da aka ɗaga da ƙarfen ƙari ta cinye wani kaso na damar da tayarta ke da ita ta sauka cikin rami. Shi ya sa za ka ga mota ta yi tsayi gwanin sha'awa, amma a hanyar gargada tana buga ƙasa da ƙarfi, taya ɗaya tana rataye a iska. Masu ɗaga irin wannan mota inci huɗu da gaske suna canza hannuwan sama, su sauko da akwatin giyar gaba mai raba wa tayoyin ƙarfi, su tsawaita igiyoyin birki. Kuɗin wannan aiki ba shi ne arahar da aka ambata maka ba.

Sai batun kifewa, wanda ba na wasa da shi. A 2007, kuma a 2016, wata mujallar motoci ta ƙasar Suwidin ta gwada Hilux da kauce wa abu kwatsam a kan hanya, motar ta ɗaga ƙafafu har ta kusa kifewa, alhali ba wanda ya ƙara mata tsayi. Kai kuma kana jibga buhuna sama da bakin bodi, wani lokaci da mutane a kansu, ga shanu da jakuna suna tsallaka titi ba sallama.

Abin da za ka saya shi ne cikakken saiti na inci biyu: sifiri mai murɗi biyu na gaba, ganyen sifiri biyu na baya, shokazoba huɗu da aka yi daidai da sabon tsayin, sababbin bushin da sababbin ƙarafan U masu ɗaure ganyen da aksul. Kamfanoni irin su Old Man Emu da Dobinsons da Ironman 4x4, dukansu na Ostareliya, suna yin saiti na wannan mota takamaimai, kuma suna rarraba ganyen baya gwargwadon nauyin da ke kan mota kullum. Nan ne zaɓinka yake. Tunda kusan koyaushe da lodi kake, ɗauki mai ɗaukar nauyi. Wanda motarsa ke yawo ba kaya, in ya sa irin wannan, bayanta zai riƙa tsalle a burji har birki ya ƙi kamawa sosai. In aljihu bai kai ba, sabon ganye da shokazoba na asali na Toyota sun fi ƙarfen ƙari nesa ba kusa ba. Ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ka je ko wani wuri, ka duba lambar da ke jikin kayan ka gwada ta da ta kamfanin, kuma in ɗan Kwatano ne ka ajiye ganyayen biyu gefe da gefe ka ga lanƙwasarsu ɗaya ce.

Ka sani kuma, ɗagawa ba ta taɓa tsayin kumburin aksul na baya, wanda shi ne ke fara kartar tudun tsakiyar hanya. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi. In ka koma 265/75 R16 za ka samu ƙarin kamar milimita 13 a ƙarƙashinsa, agogon gudunka zai riƙa nuna ƙasa da gaskiya da kamar kashi 3 cikin 100, mai ma zai ɗan ƙaru. A cikin yashi kuwa rage iskar taya zuwa wajen 18 ko 20 a ma'aunin psi ya fi kowane tsayi amfani, muddin ka mayar da iskar kafin ka hau kwalta.

Ranar ɗaurawa ka tsaya a garejin da kanka. A auna daga tsakiyar kowace taya zuwa bakin bodi kafin aiki da bayansa. Motar ta zauna a kan ƙafafun ƙarfe, ba a kan jak da bulo ba, kuma kada a kwance sifiri mai murɗi sai da na'urar matse shi, don yana iya tsalle ya illata mutum. Kusoshin da ke ratsa bushin kada a ƙarasa ɗaure su sai an sauke motar ta tsaya da nauyinta. In aka ɗaure su tana rataye, robar za ta murɗe ta yage ba da jimawa ba. A duba igiyar birki da wayar ABS (na'urar da ke hana taya ƙullewa in an taka birki) ba su ɗame ba idan taya ta sauka ƙasa gaba ɗaya. In motarka tana da ɗan bawul ɗin nan na baya mai sanda da ke haɗe da aksul, wanda ke ƙara wa birkin baya ƙarfi idan ta ji lodi, dole a gyara masa zama, in ba haka ba zai ɗauka motar ba kaya ya rage birkin. Daga gareji ka wuce wurin alaimen, a saita fitilu su daina kashe wa na gabanka ido, sannan bayan kamar kilomita 500 ka koma a sake ɗaure ƙarafan U. Sabon ganye ba ya ƙara yawan kayan da motar za ta ɗauka: birki da aksul da casis suna nan yadda suke, kuma abin da aka ƙayyade wa irin taka wajen tan ɗaya ne kawai, har da mutanen ciki.

TAMBAYA: Malam, an ɗaga mini Land Cruiser 79 inci uku. Tun daga nan ba ta tafiya a miƙe a hanya, sitiyari ba ya dawowa da kansa bayan kwana. Daga mai karatu a Agadas.

AMSA: Ɗan'uwa, taka doguwar aksul guda ce a gaba, hannuwa biyu na riƙe da ita. Da aka ɗaga, hannuwan sun juya aksul ɗin gaba kaɗan, kusurwar da ke sa sitiyari ya dawo tsakiya ta ragu. Ana gyarawa da bushin na musamman masu mayar da kusurwar, ko da hannuwan da aka ƙera don tsayin. A duba sandar da ke tare aksul daga gefe, don ɗagawa tana jan sa ɓangare ɗaya, akwai irinta mai daidaituwa. Kafin a gyara kada ka yi gudu da ita a kwalta.