Kujerar Tsere a Doguwar Tafiya: Amsoshin Tambayoyinku

Wasiƙu huɗu na zaɓo a wannan karon, kuma dukkansu a kan abu guda suke, wato cire kujerar da mota ta zo da ita daga kamfani a maye gurbinta da irin ta motocin tsere. Na taƙaita tambayoyin domin amsa ta samu fili.

Tambaya: Ina da ƙaramar mota mai ƙofa biyu, kuma sau biyu a wata nakan yi tafiyar awa biyar zuwa shida a cikinta. Kujerar da ta zo da ita tana barina ina zamewa gefe idan na sha kwana da gudu. Ina so in canja, amma na rasa zaɓi tsakanin kujerar tsere wadda bayanta ba ya motsi da wadda ake iya kwantar da bayanta. Wacce ta fi dacewa da ni?

Amsa: Malam, ka sayi wadda ake kwantar da bayanta, kuma ga dalilina. Kujerar da bayanta ba ya motsi ƙoƙo guda ce da aka zuba da faiba ko kabon, wato roba mai tauri da aka ƙarfafa da zare, mazauni da majingina a haɗe, shi ya sa masu sana'ar suke kamanta ta da bokiti. An ƙera ta ne domin ta riƙe direba cak a wuri ɗaya, kada ƙugunsa ko kafaɗarsa su gusa lokacin da mota take juyi da ƙarfi, kuma a wannan aikin babu kamarta. Sai dai abin da ya sa ta yi fice a filin tsere shi ne ainihin abin da yake wahalar da mutum a doguwar hanya, domin jikin ɗan Adam ba ya son zama iri ɗaya na tsawon lokaci. Wanda ya yi awa uku yana tuƙi yana gyara zama sau da yawa ba tare da ya sani ba: ya ɗan karkata, ya buɗe cinya, ya miƙe baya, ya mayar da nauyinsa daga wannan ɓari zuwa wancan. Wannan ƙaramin motsi shi ne yake barin jini ya zagaya, kuma shi ne kujerar ƙoƙo take hanawa.

Kada ka ɗauka cewa mai kwantawar ba kujerar gaske ba ce. Kamfanin Recaro na Jamus, wanda ya samo asali daga Reutter mai ƙera wa Porsche gangar jikin mota, ya fitar da kujerarsa ta farko a 1965, kuma a yau sana'ar ta rabu gida biyu, akwai kujerun gasa, akwai kuma na titi masu tudu a gefen cinya da haƙarƙari amma da majingina mai motsi. Sparco da OMP na Italiya, da Bride na Japan, da Cobra na Ingila, duk suna yin iri biyun. Abin da yake damunka, wato zamewa a kwana, kujerar titi mai tudun gefe za ta magance shi, ta kuma bar maka damar kwantar da baya kaɗan idan kwankwaso ya fara ƙorafi. A mota mai ƙofa biyu akwai ƙarin magana: idan da kujeru a baya, ƙoƙo guda ba ya lanƙwasowa gaba, don haka ka rufe hanyar shiga can ke nan. Gaskiya ne ƙoƙon ya fi sauƙin nauyi, yawancinsu ba su kai kilo goma ba, alhali kujerar kamfani mai lantarki tana iya ninka hakan sau biyu ko uku, amma wannan riba ce ga mai neman rage daƙiƙa a gasa, ba za ka ji ta a tafiyar awa shida ba.

Ko wacce ka zaɓa, kada ka saya da hoto. Ka zauna a kan benci mai tauri da irin tufafin da kake tuƙi da su, a dafa littafi mai kauri a kowane gefen ƙugunka, a auna tazarar da ke tsakani, sa'annan ka gwada da faɗin cikin kujerar, ba faɗin wajenta ba. Lambar wandonka ba za ta gaya maka wannan ba, domin mutum biyu masu lamba ɗaya suna iya bambanta ƙwarai a ƙashin ƙugu da kaurin cinya. Haka nan ka auna daga mazauni zuwa saman kafaɗa. Bayan haka sai ka auna motar kanta, musamman a daidai kafaɗar kujera, domin a ƙananan motoci nan ne take gogar ƙofa. Idan ka samu inda za ka zauna a kanta, ka daure ka yi minti ashirin ko fiye. A minti biyun farko kowace kujerar tsere daɗi gare ta, tana rungumar mutum har ya ji kamar don shi aka yi ta. Matsin da zai dame ka sai daga baya yake bayyana, galibi a gefen cinya ko ƙarƙashin allon kafaɗa.

Tambaya: Na riga na saka kujerar ƙoƙo guda. Da na yi awa ɗaya da rabi sai ƙafata ta dama ta mutu, kwankwasona kuma ya riƙe. Na sa filo mai laushi amma abin ya ƙaru. Shin in sayar da ita ne?

Amsa: Kada ka yi gaggawar sayarwa, Malam, domin sau da yawa laifin ba na kujerar ba ne, na yadda aka ɗaura ta ne. Irin wannan kujera ana ɗaure ta ne ta gefe, da faranti biyu na ƙarfe masu jerin ramuka a gaba da baya, kuma ramin da aka zaɓa shi ne yake yanke yadda za ta karkata. Masu sakawa da yawa suna zaɓen rami mafi ƙasa a baya, mafi sama a gaba, saboda hakan yana ba da zama irin na direban gasa, gwiwa a sama, mazaunai a rami. To, idan gaban ya ɗaga da yawa, leɓen kujerar yana danne ƙarƙashin cinya, inda jijiyoyi da hanyoyin jini suke bi, kuma ƙafar dama ce ta fi shan wahala domin ita ce take miƙe a kan totur ba hutu. Ka sauke gaban da rami ɗaya, ka yi tafiyar awa guda, ka ji bambanci. Kada ka canja abu biyu a lokaci ɗaya, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Akwai ma'aunai kaɗan da nake bi. Idan ka zauna ka manna bayanka, ya kamata yatsu biyu ko uku su shiga tsakanin leɓen kujera da bayan gwiwa. Idan ka taka kuloci ko birki har ƙasa, gwiwa ta kasance da sauran lanƙwasa, kada ta miƙe sambal. Idan ka miƙa hannu ba tare da kafaɗa ta bar majingina ba, wuyan hannunka ya hau saman sitiyari. Karkatar baya kuwa, abin da aka fi yarda da shi ga tuƙin titi shi ne tsakanin digiri 100 da 110 daga cinya, wato a ɗan kishingiɗe kaɗan ba a miƙe ƙyam ba. Matsalar ƙoƙo guda ita ce gyaran ɗaya yana taɓa ɗaya: ka kwantar da baya, gaba ya ɗaga, ka sauke gaba, baya ya miƙe. Shi ya sa ake ɗaukar kwanaki kafin a dace.

Filo mai laushi kuwa, ban yi mamaki da ya ƙara maka ciwo ba. Taushi da daɗin zama ba abu ɗaya ba ne, kuma wannan shi ne kuskuren da na fi gani. Soso mai laushi yana nutsewa cikin rabin awa, ƙugu ya murɗa baya, gantsarwar da ke ƙasan ƙashin baya ta baje, daga nan ciwon yake farawa. Ban da haka, filon ya ɗaga ka daga cikin ƙoƙon, tudun da aka yi domin ya riƙe ƙugu sai ya koma yana tokarar wani wuri dabam. Abin da kake bukata shi ne siririn soso mai tauri a daidai kwankwaso, wanda kaurinsa bai wuce santimita biyu ko uku ba. Kafin ka kashe kuɗi, ka naɗe ƙaramin tawul ka cusa shi bayan kushin ɗin majingina, wanda a yawancin waɗannan kujeru ana iya ɓanɓare shi, ka riƙa matsar da shi sama da ƙasa har ka gano wurin. Ka kuma cire walat daga aljihun baya, domin a kujerar da sosonta bai da kauri, shi kaɗai ya isa ya kashe ƙafa. Ka riƙa tsayawa ka taka ƙasa na aƙalla minti goma sha biyar bayan kowace awa biyu.

Idan ka yi duk wannan amma kana jin gefen kujerar yana matse ƙashin ƙugunka ko yana haɗe maka cinya, to ta yi maka kaɗan, kuma faiba ba ta buɗewa da amfani kamar takalmin fata. A nan kam ka sayar, ka nemi mai faɗi, domin kamfanoni da yawa suna yin samfuri ɗaya a girma biyu. Idan kuwa mutuwar ƙafar tana ci gaba bayan ka sauka daga mota, ko tana zuwa a wasu kujerun, wannan maganar likita ce.

Tambaya: Tun da na canja kujera, fitilar jakar iska take kunne a gaban mota. Bakanike ya ce zai sa wani ɗan ƙaramin abu ta mutu. Ina kuma so in sa bel mai igiya huɗu domin ya dace da kujerar. Akwai matsala?

Amsa: Akwai, kuma ta fi ciwon baya girma. A motocin zamani da yawa, jakar iskar da take kare haƙarƙari idan an bugi mota ta gefe tana cikin majinginar kujera ne, wasu kuma suna da na'urar gane ko akwai mutum a zaune, da wadda take tsuke bel a lokacin karo. Da ka cire kujerar, ka cire wasu daga cikin waɗannan, fitilar kuma gaskiya take faɗa maka. Abin da bakaniken zai saka yana ruɗar kwamfutar motar ne ta ɗauka jakar tana nan. Amfaninsa shi ne fitilar za ta mutu, ta yadda idan wata matsala ta taso daga baya za ka gane, amma jakar da ka cire ba ta dawo ba, kuma ya kamata ka san da haka, duk wanda zai sayi motar daga hannunka ma ya sani. A ƙasashe da dama wannan canji yana shafar binciken lafiyar mota da kuma inshora, don haka ka sanar da kamfanin inshorarka tun kafin wani abu ya faru.

Bel mai igiya huɗu ba na ba da shawararsa a titi. Da yake babu igiyar da ta bi ta tsakanin cinyoyi, igiyoyin kafaɗa suna jan ta ƙugu sama zuwa ciki, a karo kuma mutum yana iya sulalewa ta ƙarƙashinta. Wannan ne ya sa ake amfani da mai biyar ko shida a gasa. Igiyoyin kafaɗa kuma dole su wuce baya kusan a miƙe, ko su sauka da abin da bai wuce digiri 20 ba, wanda yake bukatar ƙarfen da aka gicciya domin haka. Wanda ya ɗaure su a ƙasan mota a bayan kujera ya shirya wa ƙashin bayansa matsi daga sama idan aka yi karo. A doguwar tafiya ma abin takura ne, domin in ka ɗaure shi yadda ya kamata ba za ka iya leƙawa a mahaɗar hanya ba, in ka sassauta kuma ya daina aiki. Ka riƙe bel ɗin motar na asali, ka tabbata igiyar ƙugu ta bi ta ramukan gefen kujera ta kwanta a kan ƙashin ƙugu, ba ta haye tudun gefe tana shawagi a saman ciki ba. Ƙarafan ɗaurin kuma su zama waɗanda aka ƙera wa samfurin motarka, a ramukan noti na asali, ba aikin mai walda ba.

Tambaya: An yi mini tayin kujerar tsere ta hannu da araha, mai fukafukai a gefen kai, an ce wa'adinta ya ƙare. Me hakan yake nufi, kuma fata ta fi ko yadi?

Amsa: Hajiya, wa'adin na hukumar FIA ne mai kula da tseren motoci ta duniya. Kujerar da aka gwada a kan ƙa'idar 8855-1999 tana da shekara biyar a gasa, ta ƙa'idar 8862-2009 kuma shekara goma, kuma ana rubuta hakan a takardar da ke manne a gefen ƙoƙon. Ƙarewar wa'adi yana hana shiga gasa da ita ne, ba yana nufin ta lalace ba, amma ki cire rigarta ki duba tsagewa a kewayen ramukan noti, ki kuma tambaya ko ta taɓa shiga haɗari, domin wadda ta shiga ba a sake amfani da ita. Ki yi hattara da jabu, waɗanda suke ɗauke da sunan manyan kamfanoni a ɗinke alhali ba a taɓa gwada ƙarfinsu ba. Fukafukan nan su ne dalilin da zai sa in ce ki bar ta: an yi su ne domin su tare hular kwano, a titi kuwa suna rufe miki gefe daidai inda kike bukatar waiwaye kafin ki canja layi. Game da riga, yadi ya fi shan iska kuma ya fi riƙe jiki, fata ta fi sauƙin gogewa amma tana tara gumi tana kuma santsi, Alcantara, wani yadin roba mai kama da fata mai laushi, tana riƙewa sosai sai dai tana murjewa a tudun da ake gogawa wajen shiga da fita. Ga mai doguwar tafiya, yadi zan zaɓa.