Amsa ga mai tambaya: na samu abin da nake nema, amma zuciyata ba ta cika ba

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce ka gama karatu, ka samu aiki a Kano, ka yi aure, ka sayi mota, amma in ka kwanta da daddare sai ka ji kamar ba ka yi komai ba. Kada ka ɗauka butulci ne, da yawanmu mun taɓa jin haka.

Ni manomin shinkafa ne a wani ƙauye kusa da Kura, da ruwan Tiga muke noman rani. Shekarar da na fi cika rumbu na sayi sabon babur, na yi wa ɗakina rufin kwano. Wallahi ko wata biyu ba a yi ba daɗin ya gushe, na koma lissafin kaka mai zuwa.

Abin da ya tsaya mini a rai rijiyar da kakana ya haƙa ce a bakin hanya. Ya rasu tun ban yi wayo ba, amma har yau da hantsi za ka tarar da Fulani suna shayar da shanu, 'yan mata na jan guga, igiya ta ci bakin rijiyar har ta yi masa zane. Yawancinsu ko sunansa ba su sani ba. Hadisin Muslim ya ce in mutum ya mutu aikinsa ya yanke sai uku: sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a.

Ba sai ka haƙa rijiya ba. Ranar Juma'a ka je gida, ka zauna da Inna ba tare da kana duba waya ba, ka tambaye ta wane maraya ne a unguwa ya daina zuwa makaranta saboda kuɗin littafi.