Amsa ga mai tambaya: Chrome ba ya bin firintar da na zaɓa a Windows

Wa'alaikumus salam Malam. Ka ce firinta biyu gare ka a shago, mai baƙi da fari da mai kala, ka zaɓi ta farkon a Windows, amma in ka zo bugawa daga Chrome sai aikin ya nufi mai kalar. Kwantar da hankalinka, kwamfutarka lafiyarta ƙalau, kada ka kai ta wajen mai gyara.

Chrome tagar bugawarsa daban take, kuma firintar da aka yi aiki da ita ta ƙarshe yake riƙewa, ba wadda ka zaɓa a Windows ba. Ga mai firinta ɗaya a gida wannan sauƙi ne, mu masu shago ne abin ke ci. Wata rana lokacin rajistar JAMB, shago ya cika maƙil, yarona ya buga wa wata baiwar Allah hoton fasfo a mai kala. Tana fita wani ɗalibi ya zo da aikinsa shafi 60. Yaron ya danna kawai ya juya ga na bayansa. Sai da na ji mai kalar tana ta jan takarda ba ƙaƙƙautawa sannan na farga, lokacin an kusa rabi. Kuɗin baƙi da fari muka karɓa, tawada mai tsada ta tafi. Ban ga laifin yaron ba, ni ma ban san dalilin ba a lokacin.

Fara da Windows ɗin kansa. Shiga Settings, nemo Printers & scanners, ka kashe inda aka rubuta "Let Windows manage my default printer". Tun 2015 aka sa wannan a Windows 10, kuma muddin yana kunne, Windows ma firintar ƙarshe zai riƙa ɗauka. Bayan ka kashe, sake zaɓar taka ka danna Set as default. Da yawa a nan suke tuntuɓe.

Na gaggawa: maimakon Ctrl+P, danna Ctrl+Shift+P, tagar Windows ce za ta buɗe kai tsaye. Sai dai in layi ya yi tsawo, hannu abin da ya saba yake komawa, shi ya sa ban tsaya a nan ba.

Wanda ya raba ni da matsalar shi ne wannan. Buɗe regedit, wato manhajar Windows ta gyara saitunansa na ciki, bi HKEY_LOCAL_MACHINE, SOFTWARE, Policies, Google, Chrome. In babu Google da Chrome a wurin, ka ƙirƙire su da kanka. A ciki ka yi sabon DWORD, wato saitin da ake ba lamba, mai suna PrintPreviewUseSystemDefaultPrinter, ka ba shi 1. Rubuta sunan daidai, harafi ɗaya ya kauce ba zai yi aiki ba. Kuma don Allah kada ka taɓa komai a wurin sai wannan, domin kuskure a regedit kan iya birkita kwamfuta. Rufe Chrome gaba ɗaya ka sake buɗewa, rubuta chrome://policy a wurin adireshi, za ka ga sunan ya bayyana. A Edge ma sunan ɗaya ne, sai dai ka bi ta Microsoft, Edge.

Daga nan Chrome zai fara nuna maka cewa wata ƙungiya ce ke kula da shi. Kada gabanka ya faɗi ka zaci kutse aka yi maka, saitin da ka sa ne ya jawo rubutun. In ka gwada ya ƙi, turo hoton abin da chrome://policy ya nuna mu duba tare.